Farin Abu a Gindin Kofin Baba

Injin wanke-wanken ya shigo gidanmu ne saboda ya rasa mai saye. Mijina kayan Turai na hannu yake sayarwa, firji da murhun gas da injin wanki, irin waɗanda ake saukewa daga kwantena a tashar jirgin ruwa ta Kwatano. Duk abin da ya kawo shago yakan fita, amma wannan ya zauna a lungu har ya zama teburin ajiye buta. Mai saye zai buɗe ya leƙa, ya tambaya ina ake zuba tufafi, da an ce masa na kwanuka ne sai ya yi dariya ya wuce. Da mijina ya gaji sai ya sa aka turo mini shi gida a kura, tare da wani babban kwali cike da sabulunsa, dunƙule-dunƙule kamar magi, kowanne cikin 'yar ledarsa.

Rubutun jikin kwalin ba Faransanci ba ne. Ni a nan Zongo aka haife ni, kakannina ne suka zo da fatauci, na yi lakwal, wato makarantar boko, har na yi nisa, Faransanci ba ya ba ni wuya. Amma a wannan rubutu ban tsinci ko kalma ɗaya ba. Hoton na bi: ƙwaya ɗaya a ɗan aljihun da ke jikin ƙofa, a rufe, a danna. Ya kuwa yi aiki. Kofunan gilashina suka riƙa fitowa da zafinsu suna walƙiya, maƙwabta suna shigowa kallo. Na fi shekara ina amfani da shi ban ga aibunsa ba.

Sai labari ya zo daga Jega cewa surukina ya faɗi a ƙofar masallaci, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Bayan ya ɗan farfaɗo mijina ya ce a kawo shi Kwatano, akwai wani asibitin kuɗi da ke koya wa masu irin ciwon tafiya da motsa hannu. Muka shiga shiri. Na gyara ɗakin da ke kusa da banɗaki, na sa katifa mai tauri. A lokacin ruwan famfo ya yi rauni a layinmu, wani lokaci sai ya wuni yana ɗiga. Gidan yana da tsohuwar rijiya a tsakar gida, ruwanta zartsi ne don teku ba ta da nisa da mu, ba ma shansa, ko sabulu ba ya son kumfa a cikinsa. Mijina ya ce gida mai majinyaci ba ya zama babu ruwa, ya kira mai gyaran famfo ya sa injin jan ruwa a rijiyar, yana cika tanki a saman rufi. Aka bar mana famfo ɗaya na gari don sha da girki. Na ji daɗin abin, ban kuma ƙara tunani a kai ba.

Baba bai zo shi kaɗai ba. Babbar 'yarsa ce ta rako shi, wadda dukanmu muke kira Yaya. Ita ta raini mijina bayan rasuwar mahaifiyarsu, har yau Auta take ce masa duk da furfurar da ke gemunsa. Doguwa ce, ba ta da yawan magana, mijinta ya daɗe da rasuwa, rayuwarta duk ta koma kan Baba. Ni Amarya take ce mini, ko da yake 'yata ta fari ta kusa gama firamare. Ba mu taɓa zama wuri ɗaya na tsawon lokaci ba sai wannan karo.

Ranar da ta fara ganin injin ta tsaya a ƙofar kicin ta ji yana ruri.

"Amarya, wannan fa?"

"Na wanke-wanke ne, Yaya."

"A rufe? To wa ya ga an ɗauraye?"

Na yi mata bayani cewa yana ɗaurayewa da ruwan zafi har ya busar. Ta ce to, ta koma wajen Baba. Ba ta ƙara magana a kai ba, ni kuma na ɗauka an wuce wurin.

Makonnin farko sun yi kyau. Kullum da safe mukan kai Baba asibiti, ni ce mai fassara tsakaninsa da masu motsa masa jiki, domin Faransancin mijina na kasuwa ne, na ciniki da gaisuwa. Baba ya fara riƙe cokali da hannun hagu. Bakinsa ya karkace, maganarsa a daƙile, amma yana son kunun gyaɗata, in na kawo sai ya ɗaga gira. Yana da kofinsa na musamman, na gilashi mai kauri, ruwan ƙasa-ƙasa, mai mariƙi, wanda hannunsa ke iya kamawa.

Da mijina ya ga jiki ya yi sauƙi sai ya bi wata motar kaya zuwa arewa, zai kai firji Paraku ya wuce gaba. Bayan tafiyarsa ne Baba ya fara ƙin abinci. Ya ci kaɗan ya ture, ya dafa ciki yana yamutsa fuska. Sai amai ya biyo baya.

A daidai wannan lokaci ne na fara ganin wani abu a jikin kwanukan da ke fitowa daga inji. Gilashi ya daina walƙiya, ya yi hazo. Cokula suna da ɗige-ɗigen fari. A gindin kofuna kuma, inda ruwa ke kwanciya ya bushe, sai ka ga wani farin gari kamar alli, in ka shafa ya biyo yatsa. A kofin Baba ya fi fitowa saboda duhun launinsa. Na ce a raina ko injin ne ya fara tsufa. Nakan ɗauraye duk abin da zan kai masa, na goge da tsumma.

Wata safiya ina shanya, Yaya ta shiga kicin neman kofin da kanta. Na ji ƙarar buɗe injin, sai kuma shiru. Da ta fito ba ta dube ni ba, ta wuce ɗakin Baba hannunta cikin mayafi. Daga ranar kofin ya ɓace daga kicin.

Da rana na kai kunu a wani kofin. Ta tare ni a bakin ƙofa ta karɓa.

"Barci yake. Ajiye mini."

Ina jin tarinsa daga ciki. Da la'asar na ga kunun kwance a magudanar bayan ɗaki, ƙudaje sun rufe shi.

Washegari ta sa hijabi ta fita ita kaɗai, ita da ba ta san gari ba, ba ta jin Fon, yaren mutanen garin, ba ta jin Faransanci. Ta dawo a kan zem, babur ɗin haya, da ƙaramin kurfoti da gawayi da tukunya sabuwa da kwano da cokali. A kasuwar Tokpa ta sayo. Ta kafa su a ƙofar ɗakin Baba. Ko ruwa ba ta ɗiba a famfona, na leda take aika a sayo, ta fasa da haƙoranta ta ba shi.

Na je na durƙusa kusa da ita tana fifita wuta.

"Yaya, ko na yi wani laifi ne?"

"Wa ya ce kin yi laifi?"

"Na ga kin raba tukunya."

"Cikinsa ne ba ya son girkin nan garin. Ki ji da yaranki."

Ta ci gaba da fifita. Na daɗe a durƙushe kafin na tashi.

Ba yarinya ba ce ni, na san abin da raba tukunya yake nufi. Na san kuma abin da mace ke nufi in ta ɓoye kofi mai farin gari a gindi. Abin da ya fi tayar mini da hankali ba zarginta ba ne. Ni kaina ban san mene ne farin abin ba. In sabulun nan ne fa ba ya fita? Sabulun da ban iya karanta kwalinsa ba, wanda ban san shekarunsa a kwantena ba? Mu masu lafiya ƙila jikinmu ya jure, amma tsoho mai jinya fa? Nakan tsaya gaban injin in buɗe ƙwaya ɗaya in sansana, warinta mai kaifi ya bugi hancina. Duk lokacin da na ji Baba yana kakari sai in ji kamar da hannuna na ba shi.

Na cire injin daga wuta, na koma wanke-wanke da hannu a famfon gari. Ko wannan bai yi mini rana ba. Ina tsugune gaban baho na ji Yaya a waya ta bayan taga, murya ƙasa-ƙasa, da wani a Jega take magana.

"Tunda ta ga na gane ta daina. Yau ko kunna shi ba ta yi ba."

Kumfa na hannuna, na kasa motsi. In na kunna, ina ci gaba. In na kashe, na tabbatar. Babu inda zan sa ƙafa.

Na kira mijina. Wayar ta daɗe tana ƙara kafin ya ɗauka, da ya ɗauka kuma muryarsa ba irin ta kullum ba ce. Ya tambayi yara, ya tambayi jikin Baba, ya ce yana hanya, ya fasa wucewa gaba. Ban gaya masa komai ba tukuna, amma na gane an riga ni.

Ya iso bayan azahar, ko wanka bai yi ba Yaya ta ce a zauna. Muka zauna a falo, yara suna lakwal. Ta shiga ɗaki ta fito da ƙullin ɗankwali, ta ajiye a kan tebur ta kwance. Kofin ne. Farin abin ya bushe ya kama gindinsa, ya yi zobe a jikinsa.

"Auta, ni ban ce kowa ya yi komai ba," in ji ta. "Ga abin da na gani a kofin mahaifinmu. Lafiya lau yake cin abinci har ka tafi. Ka tambayi matarka mene ne wannan."

Mijina ya ɗauki kofin. Ya juya shi, ya kai shi wajen haske, ya sa yatsa ya shafa, ya duba yatsan. Ina kallonsa ina jira ya ɗago ya dube ni. Bai ɗago da wuri ba. Shekarun aurenmu duka, da haihuwa, da ɓarin da na yi yana riƙe da hannuna, duk suna zaune a falon nan, shi kuma yana duba yatsansa.

"Mene ne wannan?" ya ce a hankali.

"Daga injin da ka kawo ne. Duk kwanukan haka suke fitowa."

"Da ba ya yi."

"Da ba ya yi. Ban san dalili ba."

"Me ya sa ba ki gaya mini ba?"

"Me ya sa a nasa ya fi yawa?" Yaya ta sa baki.

Na miƙe. Na ɗauko gorar ruwa a firji, na karɓi kofin daga hannunsa, na cika shi, na sa yatsa na kankare farin abin har ruwan ya yi hazo, na shanye. Ɗanɗanonsa kamar ka lashi bango, da ɗan gishiri. Na ajiye kofin. Ba jarumta ba ce. A lokacin ban san abin da zai yi mini ba, na dai ji gara ya kama ni da in ci gaba da zama a gaban idanun nan biyu.

Sai muka ji wani abu ya faɗi a ɗakin Baba.

Mun same shi ya kife a bakin katifa, ya ture kwanon tofi. Abin da ya amayar baƙi ne kamar dusar gahawa. Yaya ta saki salati. Mijina ya sungume shi kamar yaro, na ruga titi na tsayar da tasi. A cikin motar kan Baba yana cinyar Yaya, ƙafafunsa a tawa, sanyi ƙalau. Layin Zongo a cushe, masu zem suna kutsawa ta kowane gefe, direba yana zagi da Fon. Na riƙe ƙafafun ina murzawa. Yaya ta duba hannuna a kansu.

A asibiti aka shige da shi, aka sa masa ruwa, aka ɗebi jini. Muka zauna a benci, ita a can ƙarshe, ni a nan ƙarshe, mijina a tsaye. Ina sauraron cikina ko zan ji wani abu ya motsa. Ban ji komai ba.

Da likita ya kira mu ofishinsa ya yi magana da Faransanci, da sauri. Ya ce cikin tsohon yana zubar da jini, akwai gyambo. Ya tambaya, ban da magungunan da suka rubuta, akwai abin da yake sha? Na juya zan fassara.

"Ba ke ba," Yaya ta ce. "Auta, me ya ce?"

Mijina ya yi ta lalube. Ya kama kalmar ciki, ya kama jini, sauran ya ɓace masa. Likita yana dubanmu ɗaya bayan ɗaya, bai gane abin da ke faruwa ba. Na ce masa da Faransanci, don Allah in akwai mai jin Hausa a cikin ma'aikatansa a kira ta, iyalin sun fi son su ji daga bakin wani. Na faɗi haka ba tare da muryata ta karye ba, har yau ina mamaki. Aka kira wata nas 'yar garin Jugu mai jin Hausa, ta zo ta tsaya tana mayarwa.

Tambayar ta sake zuwa, wannan karo da Hausa. Yaya ta ce babu komai sai ƙwayar ciwon gwiwarsa. Mijina ya ce ai wannan ba magani ba ne, tun tasowarsa yake ganin Baba yana shanta, safe da yamma, a aljihunsa take kwana. Yaya ta lalubo sauran a jakarta. Likita ya karanta bayan takardar ƙwayar ya girgiza kai. Ya ce ita wannan da ma tana cin ciki, sai ga maganin tsinka jini da suka ɗora shi a kai saboda shanyewar jiki, biyun ba sa haɗuwa. Da an gaya musu tun farko da sun hana. Ba wanda ya ɓoye, ba wanda dai ya ɗauke ta abin faɗa. Ni ban ma san da ita ba.

Na ɗauka shi ke nan. Sai Yaya ta kwance ɗankwalin, ashe ta taho da kofin. Ta tura shi gaban likita ta ce a tambaye shi wannan fa. Ya kankara da farce, ya tambaya da me ake wankewa, na gaya masa. Ya ɗaga kafaɗa ya ce ya yi kama da dattin ruwa, irin wanda ke kama gindin butar shayi, ba ya jin shi ne ya fasa cikin mutum. Amma shi ba masanin sabulu ba ne, in muna shakka mu daina amfani da injin. Nas ta mayar da maganar daidai. Yaya ta ɗaure ɗankwalinta.

"Cewa ya yi ba ya jin shi ne," ta ce. "Bai ce ba shi ba ne."

Aka kwantar da Baba kwanaki. Yaya ce ke kwana wurinsa, ni ina dafa abinci in kai, mijina da yara su ci, nata ya dawo yadda na kai shi. Jinin ya tsaya, amma a gida ba abin da ya sauya. Ni kuma na ƙudura sai na san mene ne wannan farin abu, ko don in iya barci.

Ina da ƙanwa da ke aure a Beljiyam. Na kira ta ta bidiyo na nuna mata kwalin. Ta ce in matso da shi, ta karanta tana motsa leɓe, yaren can ne. Ta ce wannan sabulu ne tsura, na wuraren da ruwansu ke da laushi, an ma rubuta cewa in ruwa mai nauyi ne sai an haɗa da gishiri.

"Wane gishiri?"

"Anti, buɗe injin ki ciro kwandon ƙasa. Akwai wani murfi mai zagaye?"

Akwai. Ban taɓa buɗe shi ba. Na murɗa, rami ne, babu komai ciki sai ruwa. Ta ce nan ake zuba gishirinsa, wani mai manyan ƙwayoyi, shi ke taimaka wa injin ya tausasa ruwa. A garinsu duk wanda ya manta da shi haka kofunansa ke fitowa fari fat. Ta ce sabulun ma iri-iri ne, kowane ruwa da nasa.

"Amma ruwan Kwatano ai ba shi da nauyi," ta ce. "Ban taɓa ganin butar Inna ta yi fari ba."

Na ce ta dakata. Na jawo injin daga jikin bango, na bi tiyonsa da hannu. Da can yana shiga bututun famfon gari. Yanzu an yanke, an haɗa shi da wani sabon bututu shuɗi wanda ya bi bango ya haura sama. Na fita tsakar gida na ɗaga kai. Tanki. Tun zuwan Baba da ruwan rijiya injin yake wanke mana kwanuka.

Na zauna a bakin rijiyar na yi kuka mai isata, ƙanwata tana ta kira daga wayar da na bari a kicin.

Na san in na kai wa Yaya zancen bututu da gishiri da yaren Beljiyam, magana ce kawai, kuma daga bakina. Na jira har aka sallamo Baba. Da hantsi, mijina yana nan, na ɗauki guga na ajiye a gabanta.

"Yaya, alfarma nake roƙo. Ki ja ruwa a rijiyar nan da hannunki, ki zuba a tukunyarki, ki ɗora a kurfotinki, ki bar shi ya ƙone. Ni ba zan taɓa komai ba."

Ta dube ni, ta dubi ƙaninta. Ya ce, "Yi mata, Yaya." Wannan ce kalma ta farko da ya faɗa a ɓangarena tun dawowarsa.

Ta ja ruwan. Ta wanke tukunyar da kanta, ta zuba kaɗan, ta ɗora. Na koma can jikin bango na zauna, hannuwana a cinya inda za ta gan su. Ruwan ya tafasa, ya yi ta raguwa. Ina jin kiran mai sayar da burodi a waje, da rediyon maƙwabta. A raina ina cewa in bai fito ba fa? In ƙanwata ta yi kuskure fa? Tukunyar ta fara ƙara, ta bushe. Yaya ta sauke ta da bakin zane, ta leƙa. Ta daɗe tana leƙe. Ta jira ta huce, ta sa yatsa ta shafa gindin, ta ɗago yatsan fari.

Mijina ya matso ya gani, ya ce Allah mai iko. Yaya ta goge yatsan a zaninta.

"Wannan ruwa naku," ta ce, "ba na mutane ba ne."

Ta ɗauki tukunyar ta tafi wankewa. Iyakar abin da ta faɗa ke nan.

Daga baya mai gyara ya mayar da tiyon kan famfon gari. Na samo gishirin a wani babban kanti wajen unguwar Houéyiho, da sabulu irin wanda ƙanwata ta kwatanta, don ranakun da famfo ya ɗauke dole a koma tanki. Kofuna suka dawo yadda suke. Yaya ba ta rushe kurfotinta ba har suka tafi, sai dai ta fara karɓar abin da na kawo, wani lokaci ta ɗanɗana kafin ta ba shi, wani lokaci ta manta. Ba ta ba ni haƙuri ba, ban kuma nema ba.

Mijina ne ya fi ba ni wahala. Ya so a yi kamar ba a yi ba. Ya sayo mini atamfa, na ajiye ban ɗinka ba. Wata rana da yamma ya ce shi fa bai taɓa zargina ba. Na ce na sani, amma ka daɗe kana duban kofin nan. Ya ce ita ta goya shi, bai san yadda zai ƙaryata ta a gabana ba. Na ce na gane. Na gane ɗin kuwa, amma an ɗauki watanni kafin in daina jin nauyi in ya shigo kicin ina zuba abinci.

Baba ya koma Jega yana takawa da sanda. Ya yi wajen shekara biyu kafin ciwon ya sake dawowa ya tafi da shi. Muka kama hanya, muka isa an riga an kai shi. Gidan cike da mata, tabarmi har zaure. Tun daga gaisuwa na ga ana taɓa juna. Wayar da aka yi ta bayan tagata ta iso nan tuntuni, bayanin tukunya kuwa ban san ko ya biyo ta ba. Wata tsohuwa da ban sani ba ta riƙe hannuna ta ƙi saki.

"Ke ce ta Kwatano? Mai injin nan?"

Na ce ni ce. Na rasa inda zan sa idona.

Yaya tana can gindin murhu, idanunta sun kumbura, ana sauke tukwanen sadaka. Ta ji. Ta miƙe da ƙyar, ta ratso matan da ludayi a hannunta, ta zo ta ɗora mini shi a tafi.

"Amarya, tashi ki raba abincin nan. Ki fara zuba mini, tun jiya ban sa komai a bakina ba."

Na tashi na ɗaura zane. Tuwon dawa ne da miyar kuka, tukunya har uku. Na zuba mata, ta zauna nan tsakiyarsu ta ci, sannan sauran suka fara miƙo kwanukansu.